Tazarar Baka

Akuya aka aike shi ya kwanto, shi ke nan aiken. Matarsa Magdalena ta leƙo daga kicin da muciya a hannu ta ce rana ta yi ƙasa, akuyar kuma tana can ɗaure a bakin gonar doya tun safe. Ba ta ce don Allah ba. Ko Baban Joy ba ta ce ba. Cewa ta yi, "Kai, mai gem, tashi."

Mai gem! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa manyan darektoci a cikin Abuja, wanda har yau in ya shafa baƙin rini a gashi ya ɗaura agogo ranar Lahadi sai matan zumuntar coci sun sake waiwayowa, shi aka mayar makiyayin akuya ɗaya tal. Ishaya ya miƙe da dogon nishi don duk gidan a san an zalunce shi. A ransa kuwa murna yake yi. Duk ƙauyensu da ke bayan Kuje babu inda sabis ɗin waya ke kamawa kamar kan falalen dutsen da ke tsakiyar gonar nan, ga shi lokacin shiga wasan waya ya kusa. Ya zura waya a aljihu ya fita, bai ko duba cajinta ba.

Joy ce ta sa masa wasan. Ita kaɗai ce 'yarsa, tana aiki a wani kantin magani a Masaka, tana haya a ɗaki ɗaya a bayan kantin. In ya kira ta, akwai kwastoma. In ya tura saƙo, amsa sai gobe. Da ta zo Kirsimeti sai ta karɓi wayarsa ta ce, "Dadi, in kana son jin muryata kullum, zo ka same ni a nan." Sunan wasan na Turanci ne mai tsawo, bai taɓa faɗinsa daidai ba. Mutane ne ke haɗa ƙungiya daga inda suke, su shiga kogo su yaƙi dodanni, suna hira ta waya. Joy ita ce mai magani, tana warkar da wanda aka raunata. Akwai Tawfiq, wani mai sayar da tayil a Bwari da ba su taɓa ganinsa ido da ido ba, shi ke riƙe garkuwa a gaba yana shan duka. Ishaya ya zaɓi baka, ya raɗa wa kansa Sarkin Baka, tunda bai ga dalilin yin tawali'u a inda suna kyauta ne ba.

Kuma a faɗi gaskiya ko da masu hassada ba sa so, ya iya. Yara in sun ɗauki baka harbi kawai suke yi, su ga lamba tana tashi su yi ta ihu. Ishaya ya gane da wuri cewa ba don kisa aka ajiye maharbi a baya ba, an ajiye shi ne ya ga abin da na gaba ba sa gani. Mai garkuwa hancinsa yana jikin dodo, mai magani idonta yana kan raunin mutane. To wa ke kallon bayansu? In wani abu ya zagayo yana neman mai magani, ba ihu za ka yi ba. Kibiya ɗaya za ka sa masa, ya juyo da fushinsa kanka. Daga nan sai ja da baya: ka harba ka matsa, ka harba ka matsa. In ka bari ya iso ka, ya cinye ka. In kuma ka yi nisa har ka fita daga tazarar baka, sai ya manta da kai ya koma kan wanda ya baro. A tsakanin nan aikin yake, kuma babu mai tafa maka. In an ci nasara, Tawfiq jarumi ne. In an sha kashi, ina maharbi ya shiga?

Ya tarar da akuyar tana cin ciyawarta, ba ta da wata damuwa. Ya ce mata ta ɗan ƙara, ya hau dutsen ya zauna. Dutsen da sauran ɗumin rana. Ƙasa tana ƙamshin ruwan jiya, iska tana kawo hayaƙin masarar da wani ke gasawa a nesa. Gyare sun fara. Wani jirgi ya wuce ƙasa-ƙasa da fitilunsa yana neman sauka, kafin ƙararsa ta gama mutuwa aka soma kiran sallar magariba daga cikin gari. Ishaya ya cusa iyafis a kunne.

"Oga Sarkin Baka ya iso," in ji Tawfiq. "A ba shi kujera can baya, kar ƙura ta taɓa rinin gashinsa."

"Joy, ke kika kai masa maganar rini?"

"Ni, Dadi? Duk wanda ya ga hotonka ya san wannan baƙin ba daga sama ya sauko ba."

"Za ku gani. Kai kuma yaro, kama garkuwarka. Ranar da na yi mura ban shigo ba, ba a ƙofar kogo aka binne ka ba?"

Suka shiga suna dariya. Kogo ne da suka saba, sun san kowane lungu. Tawfiq ya tare dodon farko, Joy ta tsaya bayansa tana aikinta, Ishaya ya ja can baya ya hau wani tudu inda yake ganin kowa.

A nan ya gan shi.

A wasan nan komai yana da suna a saman kansa, ko ɓera ne, da jan layi mai nuna sauran jininsa. Wannan ba shi da suna, ba shi da layi. Dogo ne, siriri, launinsa kamar tokar da ruwa ya daka. Sauran dodannin suna sheƙi. Shi kamar daga wani tsohon hoto aka yanko shi aka liƙa. Yana tsaye daf da bayan Joy, ya sunkuyo a kanta.

"Wane ne wannan a bayanki?"

"Ina?"

"Tawfiq, waiwaya."

Tawfiq ya waiwaya. "Bango nake gani, Baba. Goge gilashinka."

Ishaya ya goge da bakin riga. Abin yana nan. Ya ƙara sunkuyowa ma.

"An ɗauke mana wuta," in ji Joy. Ta shaƙi iska. "Wani wari nake ji a ɗakin nan. Kamar an buɗe tsohuwar rijiya."

Jan layin da ke kanta ya soma raguwa. Babu dodon da ya taɓa ta. Yana dai sauka a hankali, kamar ruwa a bokiti mai huji.

"Warkar da kanki mana," in ji Tawfiq.

"Ina yi. Ba ya hawa."

"Fita daga gem ɗin," in ji Ishaya. "Kashe wayar gaba ɗaya."

"Hannuna ya ƙi tashi." Muryarta ta yi nauyi, kalmomin suna fitowa ɗaya-ɗaya. "Ƙafafuna sun yi sanyi. Dadi."

"Ina ji, Mamana."

Ta rage murya har da ƙyar ya ji.

"Akwai mutum a bayan labulena."

Ishaya ya miƙe tsaye a kan dutsen, bai san ya miƙe ba. Tsakanin Kuje da Masaka duk faɗin Abuja ne, kuma a wannan lokacin hanyar Keffi ba hanya ba ce, wurin ajiye motoci ne. Ba shi da lambar ko maƙwabci ɗaya nata. Kullum cewa yake zai karɓa.

"Yi ihu, Joy!" in ji Tawfiq. "Yi ihu maƙwabta su ji!"

Ta gwada. Iska ce kawai ta fito.

Tawfiq ya bar dodonsa ya rugo, yana sara inda Ishaya ke nuna masa. Takobinsa yana ratsa abin ya wuce kamar hayaƙi. "Wallahi ban ga komai ba, Baba. Ina yake? Ina yake?"

Layin ya wuce rabi.

A gidan su Ishaya an yi maharba na gaske, kuma babu ɗayansu da ke sakin kibiya da almuru a kan abin da bai san sunansa ba. Ko yaran gidan an hana su jifa a wannan lokacin. Ya sani sarai. Ya tuna, ya kuma ji numfashin 'yarsa yana sarƙewa a cikin kunnensa.

Ya saita. Ya saki.

Kibiyar ba ta wuce ba. Ta kafe a kafaɗarsa.

Abin ya miƙe a hankali ya juyo. Bai kalli ɗan maharbin da ke cikin wasan ba. Kai ya ɗaga, ya dubi gilashin wayar, ya dubi wanda ke riƙe da ita.

Joy ta ja numfashi mai ƙara kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Layinta ya tsaya.

"Ya sake ni," ta ce tana tari. "Dadi, me ka yi?"

"Aikina," in ji Ishaya, don ko a nan bakinsa bai iya barin dama ta wuce ba.

Sai gyare suka yi tsit. Duka, lokaci guda, kamar an kashe rediyo.

Akuyar ta daina ci. Ta ja igiya har wuyanta ya miƙe, ta yi wani kuka da bai taɓa jin akuya ta yi ba, ta tumɓuke turken ta yi gida yana jan ƙasa a bayanta.

Warin ya iso. Tsohuwar rijiya, da laka, da wani abu da ya daɗe a ƙarƙashin lakar.

Ishaya ya ɗaga ido daga waya.

Can ƙarshen gona, cikin sandunan da doya ke hawa, akwai sanda ɗaya da ta fi sauran tsawo. Shi ya kafa sandunan nan da hannunsa. Bai kafa wannan ba.

Sandar ta tako.

Duk wanda ya ce a nan zai tsaya, ƙarya yake yi. Sarkin Baka ya dira daga dutsen ya zuba da gudu, tumbi yana gaba shi yana biye. Ya ƙetare kunya, ya ƙetare wata, har ya hango rufin kwanon gidansa.

"Dadi." Muryar ta sake nauyi. "Ya dawo. Dadi, ya..."

Ya waiwaya. Abin ya tsaya can nesa. Ba shi yake kallo ba. Ya juya kansa gabas, wajen Masaka.

Ishaya ya tsaya yana haki, ya gane abin da ya yi. Kuskuren da yake zagin yara a kansa kullum. Ya fita daga tazara.

Ƙafafunsa sun ce gida. Ya juya su da ƙarfin tsiya, ya koma. Kowane taku warin yana ƙaruwa. A gilashin wayar ma ɗan maharbinsa yana matsawa, tazarar da ke ciki ita ce ta waje, babu bambanci. Da alamar saiti ta kama, ya harba.

A cikin waya kibiya ta tashi. A cikin gona abin ya yi tangaɗi, ya juyo.

Joy ta sake samun numfashi.

"Saurare ni," ya ce, yana ja da baya. "Fita daga ɗakin nan. Je bakin titi, cikin mutane."

"Ƙafafun ba su dawo ba."

"Ja ciki. Tawfiq, tsaya kusa da ita ka riƙa yi mata magana. Kar ka bari ta yi shiru."

"Baba, me ke faruwa a wajenka?"

"Baƙo na yi."

Gida ba wurin kai shi ba ne, Magdalena tana can. Nesa ma ba ta yiwuwa. Ya san iyakar sabis ɗin gonar nan kamar yadda ya san iyakar gonar: daga dutsen zuwa bishiyar kashu, daga kashun zuwa ramin da wasu 'yan birni suka tona na harsashin katanga suka watsar. In ya wuce nan, wasan ya yanke. In wasan ya yanke, babu baka.

Sai ya soma zagaye dutsen da baya da baya.

Ya harba ya matsa. Ya harba ya matsa. Ido ɗaya a waya, ɗaya a gona. Abin ba ya gudu, ba ya sauri. Takunsa ɗaya dai ya fi na Ishaya uku, kuma ganyen doya ba ya motsi in ya ratsa. Akwai kibiya mai ɗaure ƙafa, tana tsayar da shi na ɗan lokaci, amma in an harba ta sai an jira kafin ta dawo. Ishaya ya riƙa tattalinta kamar sauran man fetur a hanyar daji.

Silifa ɗaya ta tsinke, ya bar ta. Sauro suna cin wuyansa, babu hannun kora. A kunnensa Tawfiq yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, a tsakani yana cewa, "Joy, kin kai ina? Kin taɓa ƙofa? Yi magana, 'yar'uwa." Ana jin jan jikinta a kan siminti, da kwanon da ta ture.

Wayar ta yi ƙara. Caji ya yi ja.

A yamma sauran jan rana bai fi faɗin tafin hannu ba.

Ya makara da taku ɗaya, abin ya rage tazara. Sanyi ya kama shi daga gwiwa, irin wanda ke shiga ƙashi.

"Baba, jininka yana sauka!"

Sai wani koren haske ya lulluɓe ɗan maharbin, sanyin ya ɗan saki. Joy ce. Tana kwance a ƙasa tana jan ciki, ta tsaya ba ubanta magani.

Kan abin ya juya gabas.

"Kar ki ƙara!" Ishaya ya sakar masa kibiya biyu a jere kafin ya juyo. "Magani yana jawo hankalinsa kanki, ke ba ki sani ba? Cire hannunki!"

"Za ka mutu, Dadi."

"Ban ba ki wannan aikin ba. Ƙofa na ce."

Tawfiq ya katse addu'a. "Baba, kwanta mushe! Kana da shi ai, danna!"

Yana da shi. Kowane maharbi yana da wannan dabara: ka faɗi kamar gawa, duk abin da ke bin ka ya ɗauka ka mutu, ya rabu da kai. Ga madannin nan a gefen babban yatsansa. Sau nawa ta cece shi yana yi wa Tawfiq dariya daga kwance. Yatsan ya je kansa da kansa. Ya tsaya a sama.

"In na kwanta," in ji Ishaya a hankali, "kan wa zai koma?"



Ishaya ya janye yatsan. Ya harba, ya matsa.

Bayansa babu ƙasa.

Ya manta da ramin harsashin. Ya tafi da baya gaba ɗaya, ƙugu ya bugi gefen ramin, wayar ta fice daga hannunsa, iyafis ɗaya ya zare. Ruwan laka ya shiga bakinsa.

Duhu a cikin ramin. Ya laluba. Laka. Saiwa. Fasasshen bulo.

A kunne ɗayan da ya rage, can ƙasa-ƙasa, ya ji ƙarar sakata. Sai hon na motoci, da janareta, da wata mata tana cewa, "Joy? Yesu! Me ya same ki? Ku zo ku kama ta!"

Ta fita.

Warin ya cika ramin.

Hannunsa ya taɓa gilashi. Bai duba ba, yatsansa ya san wurin. Ya danna kibiya mai ɗaure ƙafa.

Ya ɗaga kai.

Abin yana bakin ramin, ya sunkuyo, hannunsa ɗaya a miƙe, ya daskare a haka. Tsakanin yatsunsa da fuskar Ishaya bai kai kamu ɗaya ba.

Ba shi da fuskar da za a kwatanta. Jikinsa Ishaya ya gani. Kibau ne a kafe ko'ina, ƙirji da wuya da haƙarƙari. Na kyauro, na gaske, ƙarfensu ya yi tsatsa, wasu sun ruɓe saura guntu. A cikinsu ga nasa sababbi, suna ɗan haske shuɗi.

"Maharbi," in ji abin. Muryar kamar guga yana gogar bangon rijiya. "Masu waɗannan kibau ma sun riƙe ni."

Ishaya ya haɗiye laka.

"Duk sun gaji," in ji abin.

"Ni direban gwamnati ne," in ji Ishaya, haƙoransa suna haɗuwa. "Jira ne sana'ata."

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, ta mutu.

Shuɗin hasken ya ɗauke daga kibau. Hannun ya motsa. Amma bai ƙaraso ba. Abin ya miƙe, ya juya kansa gabas, kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta.

Joy tana cikin mutane. Ko mutane suna hana shi? Ishaya bai sani ba. Tawfiq ma mutum ne, takobinsa bai hana komai ba.

Ya rarumi fasasshen bulon ya wurga. Ya samu bayansa.

"Kai! Dogon banza! Ina za ka?"

Abin ya tsaya.

"Da ni kake magana ka juya mini baya? Ba a koya maka ladabi a rijiyarku ba?" Ya damƙi laka ya sake jifa. Muryarsa tana fashewa, hawaye da majina sun haɗu, bakin dai bai tsaya ba. "Dubi jikinka kamar bushiya! Kowa ya zo ya harba ya tafi! Mai warin kwata! Zo nan in kai namiji ne!"

Ya juyo.

Ishaya ya ja da baya a cikin ramin, da gwiwar hannu da ɗuwawu. Ramin ya ƙare. Bango.

Abin ya sauko ciki. Ruwan bai yi ƙara ba.

A saman kafaɗarsa, jan yamma saura zare.

Yatsu suka kama idon sawun Ishaya. Ba zafi. Ƙafar ce kawai ta daina zama tasa. Sanyin ya hau ƙwauri. Ya hau gwiwa.

Zaren ya tsinke.

Gyare ɗaya ya yi kuka. Wani ya amsa. Gonar duka ta ɗauka.

Babu kowa a ramin sai shi.

Magdalena ce ta same shi, da tocila a hannu, don akuya ta dawo gida da turke babu miji. Tun daga bakin gona take faɗa, har hasken ya sauka a ƙafarsa. A idon sawun akwai shatin yatsu launin toka. Ta wanke da sabulu, ta wanke da kananzir, bai fita ba. Har yau in an tsikare shi da allura a wurin ba ya ji.

Joy ta warke a daren, ta goge wasan daga wayarta. Ishaya ya ɗauka an gama. Washegari da yamma yana zaune ya miƙe ƙafa a kan kujera yana ba maƙwabta labari, da ƙarin gishiri daidai gwargwado, sai matar nan ta Masaka da ta taimaki Joy ta kira tana kuka, wai Joy ta faɗi a gaban kanti tana cewa sanyi. Da ɗingishi ya kai dutsen. Ya shiga wasan, ya tarar da mai maganin tana tsaye a kogo ita kaɗai ko da babu mai riƙe da ita, abin ya sunkuyo a kanta. Ya harba.

Tun daga ranar bai sake ganin faɗuwar rana daga ƙofar gidansa ba. Fasto ya zo ya yi addu'a a gonar. Tawfiq ya taso daga Bwari da ruwan rubutu a jarka, ashe ɗan firit ne, garkuwar ta fi shi girma. Addu'ar da rubutun sun taimaka wa Ishaya wajen barci. Abin dai kullum yana zuwa da almuru, yana tafiya in duhu ya rufe. Ishaya ya cike ramin harsashin, ya share hanya zagaye da dutsen, ya sayi fawa banki biyu na ajiyar caji da takalmi mai igiya. Tawfiq yana shigowa kowace yamma ya tsaya da garkuwa a gaban mai magani, yana tare abin da bai taɓa gani ba.

A haka aka saba, har makon jiya da masu wasan suka sabunta shi. Wai masu takobi sun yi ƙorafi baka tana kai wa nesa da yawa, sai aka rage mata tazara. Ishaya ya kai ƙara wajen duk wanda ya tsaya saurare, har mai cajin waya na bakin kasuwa. Mutane suna zaune a ofis mai sanyi a wata ƙasa, ba su taɓa jan baka ba, sun yanke wa dattijo hukunci.

Yanzu dole ya bar abin ya matso kafin kibiya ta kai. A wannan kusancin ne ya gane cewa ƙarar da yake ji tun farko, wadda ya ɗauka iska ce a ganyen kashu, ba iska ba ce. Abin magana yake yi yana tafe. Ba da Ishaya yake ba. Magana ɗaya yake maimaitawa, ya faɗa ya gyara, ya faɗa ya gyara, kamar mai koyon waƙa a cikin mawaƙan coci. Da muryar Ishaya, har da ɗan tarin da yake yi kafin ya soma magana.

"Joy, buɗe ƙofa. Dadi ne."

Bai iya yadda Ishaya ke jan sunan ba tukuna. Amma jiya ya kusa.